Aikatau Ɗaya Tak: Dalilin Da Ya Sa Tsofaffin Wasannin Namco Suka Ƙi Mutuwa

Gabatarwa

Na san akwai daga cikin 'yan'uwana ɗalibai waɗanda da zarar sun ga kalmar "gem" a kan takarda za su ce me ya haɗa kifi da kaska. A wurinsu wasan kwamfuta shiriritar yara ce, bai kai mai nazarin harshe ya ɓata tawadarsa a kai ba. Akwai kuma wani rukuni, su suna son gem ɗin, amma a ganinsu duk wasan da aka yi kafin a haife su ya zama tsohon yayi, tunda hotonsa bai yi kama da na fim ba. Da waɗannan rukunoni biyu nake jayayya, kuma hujjata ita ce tarihin kamfanin Namco na ƙasar Japan, wanda ya ƙera Pac-Man da Galaga da Dig Dug da sauransu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wasannin da wannan kamfani ya fitar tsakanin 1979 da 1984 sun kawo yau da ransu ne saboda kowane ɗaya an gina shi a kan aikatau guda tak, wato ci, ko harbi, ko haƙa, ko tuƙi, irin aikin da yaro da babba, ɗan Japan da ɗan Amurka, za su gane ba tare da tafinta ba. Na'urorin da aka yi su a kai sun tsufa, kamfanin ma ya haɗe da wani ya sauya suna, amma har yanzu ana sayar da wasannin, ana kuma buga su. Abin da ya haura shekara 40 a kasuwar da ke saurin mantawa da kayanta ya cancanci a tsaya a tambayi me ya riƙe shi.

Daga dawakin yara zuwa akwatin gem

Masaya Nakamura ne ya kafa kamfanin a 1955, shekara goma bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ke fafutukar tashi daga kango. Jarinsa na farko dawakin wasan yara ne guda biyu, waɗanda ya kafa a saman rufin wani babban kanti a birnin Yokohama, yara na hawa iyayensu na biya. Shi da kansa yake goge su yana gyara su. A 1963 ya samu ciniki da manyan kantunan Mitsukoshi, daga nan harkar ta bunƙasa, ya shiga ƙera kayan wasa masu inji. A 1974 ya sayi reshen kamfanin Atari na Amurka da ke Japan, wanda hakan ya ba shi damar rarraba wasannin Atari a ƙasarsa. A 1977 kamfanin ya ɗauki sunan Namco a hukumance, sannan a 1978 ya fitar da wasan bidiyo na farko da ma'aikatansa suka tsara da kansu, mai suna Gee Bee.

Wannan asali yana da muhimmanci ga maganar da nake yi. Mutumin da ya koyi sana'arsa a kan rufin kanti, yana kallon fuskar yaro na minti ɗaya ko biyu, ya san cewa cinikinsa tsaba ɗaya-ɗaya ne. In yaro bai ji daɗi ba yau, gobe ba zai ja hannun uwarsa zuwa wurin ba.

Haka akwatin gem yake. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, akwati ne mai tsawon mutum, da allo kamar na talabijin, da 'yar sanda da ake juyawa, da maɓalli ɗaya ko biyu, da wata 'yar kafa da ake jefa tsabar kuɗi. A wancan zamani a Japan yen 100 ake jefawa, a Amurka kuma santi 25. Akan jera su da yawa a ɗaki guda, kowanne na ƙara yana kiran mai wucewa. Babu littafin bayani, babu malami, babu lokacin koyo. Mutum zai tsaya a bayan wani ya kalla na ɗan lokaci, in ya gane abin da ake yi ya sa kuɗinsa, in bai gane ba ya wuce akwatin gaba. Ke nan dole wasa ya bayyana kansa cikin ƙiftawar ido, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya kasance aiki ɗaya ake yi a cikinsa.

A 1978 kamfanin Taito, abokin gasar Namco, ya fitar da Space Invaders, wanda ya mamaye Japan kamar wutar daji. Halittun sararin sama ne ke saukowa a jere, ɗan wasa yana harbinsu daga ƙasa. Kamfanoni da dama suka kama kwaikwayo. Amsar Namco ita ce Galaxian a 1979. Aikatau ɗin dai shi ne harbi, amma an ƙara abu biyu: launi na gaske a jikin halittun, a lokacin da wasanni da yawa ke manna leda mai launi a kan allon baƙi da fari, sannan maƙiyan sun daina tafiya a sahu kawai, sai ɗaya ko uku su ɓalle su kawo sura kamar shaho. Wannan sura ita ta ba maƙiyin hali, ta sa ɗan wasa ya ji kamar da gangan ake nufinsa.

Pac-Man da aikatau "ci"

Toru Iwatani ya shiga Namco a 1977 yana ɗan shekara 22, wato sa'an yawancinmu. A farkon 1979 ya fara aikin wasan da zai zama Pac-Man. Ya sha faɗa a hirarraki cewa ya lura ɗakunan gem sun cika da samari da wasannin harbi da kisa, shi kuma yana son abin da mata da masoya za su zo su buga tare. Sai ya nemi aikin da kowa ke so, ya tsaya a kan kalmar Japananci mai ma'anar "ci". Daga wannan aikatau aka fara, kafin hoto, kafin launi, kafin suna.

Sunan ma daga harshe ya fito. Japananci, kamar Hausa, yana da arzikin kalmomin amsa-kama. Yadda mu ke cewa ya haɗiye muƙut, ko yana tauna ƙaras-ƙaras, haka su ke cewa "paku-paku" don kwatanta buɗe baki da rufe shi a wajen cin abinci. Daga nan aka samu sunan, aka rubuta shi da haruffan boko Puck Man. Da kamfanin Midway ya karɓi izinin sayar da shi a Amurka, sai aka ji tsoron 'yan iska za su kankare harafin P ya koma F, kalmar ta zama ashar a Turanci, don haka aka mayar da shi Pac-Man. Siffarsa kuwa, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne Iwatani ya ga fiza da aka yanke yanki ɗaya, amma shi da kansa ya ce rabin labarin ke nan, domin ya kuma yi la'akari da harafin rubutun Japan mai nufin "baki", wanda murabba'i ne, sai ya mayar da shi da'ira.

Aikin ya ɗauki shekara ɗaya da wata biyar, da ayarin da bai wuce mutum goma ba. An fara gwada shi a unguwar Shibuya ta Tokiyo ranar 22 ga Mayu, 1980. Tsarinsa kowa ya sani: lunguna masu sarƙaƙiya, ɗigo 240 da manyan ƙwayoyi 4, dodanni huɗu na bin ka. Sanda ɗaya ce kawai, babu maɓallin harbi ko ɗaya. In ka ci babbar ƙwaya sai reshe ya juye da mujiya na ɗan lokaci, dodannin su koma shuɗi su gudu, kai ka bi su ka cinye, na farko maki 200, na biyu 400, na uku 800, na huɗu 1,600. Mai karatu ya lura cewa ko ramuwar gayyar ma da wannan aikatau ɗin ake yin ta. Da ci kake samun maki, da ci kake kare kanka, da ci kake wuce mataki.

Dukkan wannan an cusa shi ne a cikin ma'ajiyar da ba ta wuce kimanin kilobayit 24 ba. Hoto ɗaya da muke ɗauka da waya ya ninka wannan sau da yawa. Rashin wuri ya hana su surutu, kamar yadda mai karin magana ba shi da wurin kalmar da ba ta da aiki.

A Japan wasan ya samu karɓuwa daidai gwargwado, amma a Amurka ne ya zama abin mamaki. An sayar da akwatuna fiye da 100,000. A 1982 an yi masa waƙa da ta shiga sahun goma na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, an kuma yi masa zanen katun a talabijin. Har cikin harshen 'yan kasuwa ya shiga: a wannan shekarar, da kamfanin Bendix ya yi yunƙurin haɗiye kamfanin Martin Marietta, shi kuma ya juyo ya kama sayen hannun jarin Bendix, sai aka riƙa kiran irin wannan dabara "kariyar Pac-Man". Har yau da wannan suna ake kiran ta.

Sunayen dodanni da abin da fassara ta zubar

A nan ne nake ganin ɗalibin harshe zai fi samun abin ɗauka. Shugaban kamfanin, Nakamura, ya so dodannin huɗu su zama ja duka. Iwatani ya dage a kan kowanne da launinsa, abokan aikinsa suka goya masa baya, aka bar shi. Dalilinsa shi ne kowane dodo da halinsa, kuma an rubuta wannan hali a cikin lissafin na'urar.

Jan dodo kai tsaye yake nufar inda kake. Mai ruwan hoda ba ya nufar inda kake, yana nufar taku huɗu a gabanka ne, don ya tare ka. Mai shuɗi-shuɗi yana haɗa inda ka dosa da inda jan yake kafin ya zaɓi hanya, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Mai ruwan lemo kuwa yana bin ka in kana nesa, amma da ya matso kusa da taku takwas sai ya juya ya nufi kusurwarsa. Bayan haka, lokaci-lokaci dukkansu sukan janye zuwa kusurwoyinsu na 'yan daƙiƙoƙi, don ɗan wasa ya samu ya numfasa kafin su dawo.

Sunayen halinsu na Japananci sun faɗi wannan ƙarara. Ja shi ne Oikake, mai kora. Ruwan hoda Machibuse, ɗan kwanton ɓauna. Shuɗi Kimagure, mai sauyin ra'ayi. Ruwan lemo Otoboke, mai yin kamar bai san abin da ake ciki ba. Duk wanda ya karanta allon farko na wasan a Japan an riga an ba shi satar amsa.

Da aka kai Amurka sai sunayen suka koma Shadow, Speedy, Bashful da Pokey, wato inuwa, mai sauri, mai kunya, da mai nawa. Na farko ya yi daidai, tunda inuwa ba ta rabuwa da mutum. Amma na biyu ya kauce, domin dodon ruwan hoda bai fi sauran gudu ba ko kaɗan, wayonsa shi ne tare hanya. Ɗan wasan Amurka da ya ga kullum wannan dodo yana gabansa zai ɗauka sauri ne, saboda haka sunan ya gaya masa, alhali kuwa da ya san ɗan kwanton ɓauna ne da ya san yadda zai yaudare shi. A gefe guda kuma masu fassarar sun yi abin yabo a wajen laƙabi: Blinky, Pinky, Inky, uku masu amsa-amo, sai na huɗu Clyde, wanda ya karya amon da gangan don ban dariya, kuma ya dace da dodon da ba ya bin sahun 'yan'uwansa. Fassarar ta samu daɗin kunne, ta yi asarar bayani. Duk wanda ya taɓa zama da ƙamus yana neman yadda zai juya take ko kirari zuwa wani harshe ya san irin wannan ciniki.

Sauran aikatau

Abin da ya tabbatar mini ba sa'a ce kawai ba shi ne Namco ya maimaita wannan hanya sau da yawa a cikin shekara huɗu. Galaga, a 1981, ya ɗauki harbin Galaxian ya ƙara masa caca guda: babban maƙiyi yana iya sauko da wani haske ya sace jirginka. In ka harbo shi daidai lokacin da ya kawo sura, jirgin zai dawo ya manne da wanda kake tuƙawa, ka riƙa harbi biyu-biyu. Sai gwanaye suka riƙa ba da jirginsu da gangan. Ƙarfinka ya ninka, amma faɗinka ma ya ninka, harsashi ya fi saurin samun ka.

Dig Dug, a 1982, aikinsa haƙa ne. A Pac-Man an gina maka lungunan, a nan kai ne kake haƙa su a cikin ƙasa. Makaminka famfo ne, kana hura maƙiyi har ya fashe, ko ka haƙa ƙarƙashin dutse ka kauce ya faɗo masa. A wannan shekarar kuma aka fitar da Pole Position, na tuƙin motar tsere, da sitiyari da giya da totur na gaske a jikin akwatin. An kwaikwayi filin tseren Fuji na Japan, kuma sai ka yi zagayen gwaji ka ci kafin a bar ka ka shiga tseren. Atari ne ya rarraba shi a Amurka, wato kamfanin da a da Namco ke sayar wa kaya a Japan ya koma sayar da kayan Namco.

Xevious, na Masanobu Endo, ya bazu a 1983. Harbi ne shi ma, amma an raba shi gida biyu, maɓalli ɗaya na maƙiyan sama, ɗaya na jefa bam a ƙasa. Endo ya ƙirƙiro wa duniyar wasan tarihi, har da ɗan harshenta na ƙage wanda daga cikinsa aka ciro sunayen maƙiya, ya kuma ɓoye hasumiyoyi da tutoci waɗanda ba a ganin su sai an jefa bam a daidai wurin.

Akwai wasa ɗaya da za a iya kawo mini a matsayin hujjar rushe ra'ayina, shi ne The Tower of Druaga na 1984, shi ma na Endo. Hasumiya ce mai hawa 60, an aro sunayen jarumansa daga tatsuniyoyin tsohuwar Mesofotamiya, irin su Gilgamesh da Ishtar. A kusan kowane hawa akwai ɓoyayyar taska da ba ta fitowa sai an yi wani abu na musamman wanda wasan bai faɗa ba, kuma in babu wasu daga cikin taskokin ba a iya kai ƙarshe. Wannan ya yi nesa da aikatau ɗaya. Duk da haka ya yi farin jini a Japan, domin 'yan wasa sun riƙa ajiye littattafan rubutu a ɗakunan gem, kowa na rubuta abin da ya gano don na baya. To amma sai a duba inda ya tsaya. Bai shiga kasuwar Amurka ba a lokacin, kuma har yau in ka ambace shi a wajen Japan kaɗan ne za su gane. Wasan da ke buƙatar jama'a masu harshe ɗaya su haɗu su warware shi ya zauna a gida, wanda kuma baki ne kawai ke ci ya zagaya duniya. A ganina wannan ya ƙara wa maganata ƙarfi ne.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko ita ce, duk wannan yabon banza ne, akwatunan nan an yi su ne don su cinye kuɗin yara, kuma da gangan ake tsananta su don mutum ya mutu da wuri ya sake sa tsaba. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Namco kamfanin kasuwanci ne. Amma a dubi irin cinikin. A Pac-Man da Galaga tsaba ɗaya rayuka ƙidayayyu take saya, iri ɗaya ga ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, kuma in suka ƙare daga farko za ka koma. Kuɗi ba ya sayen mataki, ba ya sayen makami. Gwani kan yi awa guda da tsabar da ɗan koyo zai ƙarar cikin minti biyu. Hasali ma, da yake dodannin Pac-Man lissafi suke bi, 'yan wasa sun haddace hanyoyin da in aka bi su ba a kama mutum, har masu ɗakunan gem suka fara kuka. Daga nan ne wasu matasa a Amurka, masu wani ƙaramin kamfani mai suna General Computer Corporation, suka yi wa wasan kwaskwarima, Midway ya karɓa ya fitar da shi a 1982 da sunan Ms. Pac-Man, da sababbin lunguna da dodannin da ba a iya haddace tafiyarsu gaba ɗaya. A kwatanta wannan da wasannin waya da yawa na yau, waɗanda ake ba ka kyauta sannan a tsayar da kai a tsakiya a ce sai ka biya.

Gwanaye sun kai wasan inda masu shi ba su zata ba. Ma'ajiyar da ke ƙidaya matakai ba ta iya riƙe lambar da ta wuce 255, don haka a mataki na 256 rabin allon yakan rikice ya cika da haruffa da alamomi, ba a iya gama shi. Wannan ya sa akwai iyakar makin da za a iya samu, wato 3,333,360, kuma sai a 1999 aka fara tabbatar da wani ya kai shi, shekara 19 bayan fitowar wasan.

Suka ta biyu ita ce begen ƙuruciya ne kawai ke sa dattawa yabon waɗannan wasanni. Amma ɗaruruwan wasanni aka yi a waɗancan shekaru, masu su ma sun yi ƙuruciya da su, yau ba mai tuna sunansu. Kuma mu da aka haifa bayan zamanin ya wuce ba mu da wani bege da za mu yi, duk da haka in aka miƙa wa yaro Pac-Man a waya ba ya tambayar yadda ake yi. A 2010 Google ya sa wasan a shafinsa na farko don cikarsa shekara 30. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya shigar da shi cikin kayansa a matsayin aikin zane da tsari.

Suka ta uku ita ce suna ne ke sayar da kaya, da zarar abu ya yi suna ko me aka sa masa za a saya. Tarihi ya amsa wannan. A 1982 Atari ya fitar da Pac-Man na na'urarsa ta gida, Atari 2600. An sayar da fiye da miliyan 7 saboda sunan, amma lungunan sun sauya, dodannin na ƙyafta-ƙyafta har ba a bambance su sosai, sautin ma ba shi ba ne. Mutane suka ji an cuce su, kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da suka zubar da amanar masu saye kafin durƙushewar kasuwar gem ta Amurka a 1983. Sunan ya sayar da kaset ɗin sau ɗaya, bai iya sa a so shi ba.

Kammalawa

Namco bai tsaya a 1984 ba. Ya yi Ridge Racer a 1993 da Tekken a 1994, kuma da aka kai su na'urar PlayStation sai ya sa Galaxian a ɗaya da Galaga a ɗayan, don mutum ya buga kafin babban wasan ya gama buɗewa. A 2005 ya haɗe da kamfanin Bandai, aka samu Bandai Namco. Nakamura ya rasu a 2017 yana da shekara 91. Iwatani kuwa, bayan ya jagoranci Pac-Man Championship Edition a 2007, ya koma koyarwa a jami'a. Ya faɗa cewa ba a ba shi wani kaso na musamman daga dukiyar da wasansa ya tara ba, albashinsa na ma'aikaci kawai ya ci gaba da karɓa.

Wannan batun na suna da haƙƙi shi ne abin da ya fi damuna. Kamfanonin Japan na wancan lokaci ba su cika rubuta sunayen ma'aikatansu a jikin wasa ba, har sai da Endo ya ɓoye laƙabinsa a cikin Xevious. Mu kuma a Nijeriya da yawanmu mun fara ganin Galaxian da Mappy da Battle City ne a kaset ɗin nan na jabu mai wasanni barkatai, wanda sau da yawa an goge ko sunan Namco ɗin daga allon farko. Mun ci tuwon ba mu san mai tuƙa shi ba. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka taɓa sayarwa a ƙasar yanzu ba a samun su a kasuwa. Na Namco suna cikin 'yan kaɗan da suka tsira, tunda kamfanin ya fara tattara su tun 1995 a jerin Namco Museum. Sauran kuwa, in ba a ɗauke su da daraja ba, za su bi sahun duk wani aikin fasaha da mutanen zamaninsa suka raina.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana na rukunin farko su sassauta raini, na rukuni na biyu kuma su daina auna wasa da kyan hoto kawai. Duk wanda ya samu Pac-Man a waya ko a kwamfuta, ya ba shi minti biyar, ya bar kallon maki ya sa ido a kan dodon ruwan hoda. Zai ga ba bin sa yake yi ba, gabansa yake nufa, sa'annan ya yanke wa kansa hukunci wanne suna ya fi dacewa da shi, Machibuse ko Speedy.